Doki, fata da doka: abin da ke bayan takaddamar Amish da hukuma a Amurka

Tun ƙarshen watan Agusta na 2022 wata doka ta fara aiki a jihar Ohio ta ƙasar Amurka, wadda ta wajabta wa duk mai keken doki ya maƙala fitila mai ruwan ɗorawa, mai walƙiya, a saman bayan kekensa kafin ya hau titi. Kusan duk masu irin wannan keke a jihar 'yan al'ummar Amish ne. Mafi yawansu ba su ɗaga murya ba, domin da ma sun daɗe da sa fitilun batir. Wani ƙaramin ɓangare da ake kira Swartzentruber ne ya ce atafau ba zai sa ba. Aka yi ta kama su, kotu a garin Ashland ta ci su tara, suka ƙi biya, wasunsu ma suka ce gara a kai su gidan yari. Alƙalin bai ɗaure su ba, sai ya jingina bashin tarar a kan gidaje da gonakinsu. A 2024 lauyoyi suka shigar da ƙara a madadinsu, suna ƙalubalantar dokar kanta.

Labarin ya ɗaure wa mutane kai. An saba jin cewa Amish ba sa taɓa lantarki, to ina mafi yawansu suka samo fitilar batir? Kuma mutanen da ke da injin dizal a shagon sana'arsu, me ya hana wasunsu sa 'yar fitila? Irin wannan ruɗani ya kai har kasuwa, inda ake sayar da bel, jaka, bulala da kayan ɗanyar fata da sunan aikin hannun Amish. Duk tambayoyin suna komawa wuri ɗaya: wane ne ke yanke abin da ya halatta a cikinsu, kuma da wane ma'auni.

Su wane ne Amish

Kiristoci ne. Tushensu na komawa ga wani yunƙuri da ya taso a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan a 1525, na masu cewa ba a yi wa jariri baftisma sai mutum ya yi hankali ya zaɓa da kansa, kuma babu ruwan gwamnati da sha'anin coci. Hukumomin wancan zamani sun gallaza musu, an kashe da yawa daga cikinsu. A 1693 wani jagoransu mai suna Jakob Ammann ya ɓalle da mabiyansa, yana ganin an yi sakaci wajen ladabtar da mai saɓa wa coci. Sunansa suka gada. Daga ƙarni na 18 suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania, kuma cocinsu na ƙarshe a Turai ya narke a 1937 cikin 'yan'uwansu Mennonite, wato ɗarikar da suka ɓalle daga cikinta.

A 1900 ba su wuce mutum 5,000 ba. Ƙididdigar cibiyar Young ta kwalejin Elizabethtown ta nuna sun kai kimanin 400,000 a 2024, suna ninkuwa kusan duk shekara ashirin, saboda yawan haihuwa da kuma yadda kusan kashi 85 cikin ɗari na 'ya'yansu ke zama a cikin cocin. Jihohin Pennsylvania, Ohio da Indiana ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku. A gida suna magana da wani karin Jamusanci, duk wanda ba nasu ba kuma suna kiransa Ingilishi, ko daga ina ya fito.

Ordnung, da wanda ke riƙe da ita

Amish ba su da hedikwata, ba su da shugaba ɗaya. Kowace gunduma ta coci, wadda yawanci iyalai 20 zuwa 40 ne, ita ke da ikon kanta, kuma akwai irin waɗannan gundumomi wajen 3,000. Ana ibada a gidajen mambobi bi da bi, Lahadi ɗaya a tsallake ɗaya. Shugabanni ba sa zuwa makarantar tauhidi kuma ba a biyansu. Idan za a naɗa mai wa'azi, jama'a su raɗa sunayen waɗanda suka ga sun dace, a ɓoye 'yar takarda mai ɗauke da aya a cikin ɗaya daga cikin littattafan waƙoƙi, kowane mutum ya ɗauki littafi guda. Wanda takardar ta faɗo wa shi ne, har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙa'idojin da gunduma ke bi su ake kira Ordnung. Galibi ba a rubuce suke ba, kuma sau biyu a shekara mambobi ke sake amincewa da su kafin jibin Ubangiji. Su ke faɗin fāɗin bakin malafa, launin keke, irin tayar da za a sa wa tarakta, da inda za a ajiye tarho. Wanda ya yi baftisma da bakinsa ya ɗauki alkawarin binsu, idan ya karya ya ƙi tuba ana iya ƙaurace masa, har a daina cin abinci a teburi ɗaya da shi.

Abin da dattawa ke dubawa kan kowane sabon abu shi ne ko zai raba mutum da iyalinsa da cocinsa, ko zai sa shi girman kai, ko zai ɗaure al'umma da duniyar waje. Da wannan ma'auni aka hana mallakar mota, domin mai mota yana iya yin nisa da gida a duk lokacin da ya ga dama, amma aka bar mutum ya ɗauki hayar direba zuwa asibiti ko wurin aiki. Aka hana jawo wayar lantarkin gwamnati cikin gida, amma a gundumomi da yawa aka bar batir, injin dizal, da faifan hasken rana. Aka fitar da tarho daga ɗaki, aka gina masa 'yar rumfa a bakin hanya da gidaje da dama ke amfani da ita. Tun da kowace gunduma da nata hukuncin, akwai rukunoni kusan arba'in da ba su yarda da juna kan inda za a ja layi ba. Swartzentruber, waɗanda suka ware a yankin Holmes na Ohio tsakanin 1913 da 1917, su ne a can ƙarshen tsanani: kekensu ba gilashin gaba, ba batir, sai fitilar ƙwai da suke ratayawa a gefe da dare.

Sana'o'in da ke bin doki

Da zarar al'umma ta yanke cewa doki ne abin hawa kuma abin noma, ta ɗauki nauyin raya sana'o'in da sauran Amurkawa suka watsar tun zuwan mota da tarakta. Dole a sami mai ƙera keke, mai haɗa ƙafafunsa, maƙerin da ke buga wa doki ƙarfen kofato, mai ƙera garma da injin yankan ciyawa da doki zai ja, da badukun da ke ɗinka kayan doki. Dawakin keke galibi tsofaffin dawakin tsere ne da aka sallama daga filin sukuwa, na gona kuwa manyan ƙarti ne irin Belgian da Percheron, wasu yankuna kamar Lancaster da ke Pennsylvania su haɗa da alfadarai. Tun 1994 ake wani taron shekara-shekara mai suna Horse Progress Days, inda maƙera ke baje sababbin injinan noma da aka tsara don doki. Kalmar ci gaba na cikin sunan taron, kuma da gaske suke.

Shagon baduku na nuna yadda suke sasanta tsoho da sabo. Warin man fata ne ke fara tarbar mai shiga. Haske daga tagogi ko fitilar gas yake zuwa. Akwai manyan kekunan ɗinki na ƙarfe, wasu sun girmi mai shagon, amma ba a jona su da bango ba. Injin dizal a wani ɗaki na waje ne ke juya doguwar sandar ƙarfe ta ƙarƙashin daɓe, bel ya ɗauko ƙarfin zuwa kowane keke, ko kuma kwamfireso ya turo iska ta bututu. Aikin da ya fi wuya shi ne gammon wuya, wato zoben da doki ke tura kaya da shi. Ana ɗinka fatar, a cusa mata dogon karan hatsin rye, ɗan'uwan alkama, ana dannawa da sandar ƙarfe har ya yi tauri, a daidaita shi da kafaɗar dokin. Idan gammon bai zauna daidai ba zai ci kafaɗa, doki ya kwanta jinya a tsakiyar lokacin huɗa.

Ɗanyar fata da jemammiya

A nan ne masu saye suka fi rikicewa, domin abubuwa biyu ne daban da ake haɗawa a talla. Jemammiyar fata ita ce wadda aka jiƙa a ruwan da ke ɗauke da sinadarin itace har ya ratsa ta ya canza jikinta, ta daina ruɓewa, ta yi laushi. Aikin da bagaruwa ke yi wa majeman Kano da Sakkwato shi ɓawon itatuwa ke yi a Amurka. Ɗanyar fata kuwa ba ta ga jima ba. An dai cire mata nama da gashi an busar.

Yadda ake yin ta a gida bai canza sosai ba. A shimfiɗa sabon ƙirgi a kan gungume a kankare nama da kitse tas, don duk inda aka bar kitse nan zai fara wari. A jiƙa shi a ruwan toka ko na farar ƙasa na wasu kwanaki, ana motsawa, har gashi ya fara zamewa idan an murza da yatsa. A kankare gashin, a ɗauraye sau da yawa, wasu su zuba ɗan ruwan tsami don kashe kaifin tokar. Sai a huda gefuna, a ɗaure a jikin firam na katako a ja ta ko'ina, a bar ta a inuwa. Idan ta bushe takan yi tauri, launinta kamar zuma, haske na ɗan ratsa ta. Mai son igiya zai yanko faifai daga tsakiya, ya bi gefensa da wuƙa yana zagayawa, faifai ɗaya ya ba da zare mai tsawon gaske ba tare da haɗi ba. A ɗan jiƙa zaren, a fere gefensa, a kitsa huɗu ko takwas ko goma sha biyu.

Ƙarfinta yana cikin halinta na tsukewa. Idan aka ɗaure abu da ita tana jiƙe, tana bushewa za ta matse shi kamar an ɗaure da ƙarfe. Shi ya sa ake rufe ganga da ita, a saƙa mazaunin kujera, a lulluɓe katakon cikin sirdi, a naɗa kan guduma wadda ba ta ɓata abin da aka buga. Rauninta ma daga nan yake: ruwa na taɓa ta za ta saki, ta miƙe, in an bar ta da danshi ta ruɓe, ɓera da kare kuma ba sa ƙyale ta. Kayan doki da ke shan gumi da ruwan sama kullum ba za su yiwu da ita ba. Don haka badukun Amish jemammiyar fata mai kauri yake saye, wadda aka ɗura wa kitse da kakin zuma, daga manyan majemu irin Wickett & Craig a Pennsylvania ko Hermann Oak a birnin St. Louis. Ɗanyar fata a shagonsa 'yar rakiya ce. Gwanayen kitsa ta a nahiyoyin Amurka su ne makiyayan Meziko da California da na Ajantina, sai kuma 'yan asalin Amurka na filayen tsakiya da ke yin jakunkunan ajiya da ita.

Akwai kuma abin da masu neman tsohon zamani ba sa son ji. Shagunan Amish da yawa sun koma ɗinka kayan doki da nailan ko da BioThane, wani zare mai ƙarfi da aka lulluɓe da roba, wanda ake yi a Ohio. Ya fi sauƙin ɗauka, ba ya buƙatar shafa mai, ruwa kawai ake watsa masa. Ordnung ba ta ga wata barazana a cikinsa ba, tun da ba ya raba kowa da gidansa. Fatar gaske ta fi tafiya yanzu wajen baƙi: bel, jakunkuna, abin wuyan kare, da kayan ado na dawakin nuni.

Daga gona zuwa shago

Har zuwa shekarun 1960 kusan kowane magidancin Amish manomi ne. Yawan 'ya'ya da tsadar ƙasa, musamman a Lancaster, suka sa gona ta gagara. Dattawa sun ji tsoron aikin masana'anta, inda uba zai fita da ƙunshin abinci da asuba ya wuni cikin baƙi. Mafitar da suka samu ita ce ƙaramin shago a harabar gida: kafinta, walda, ginin rumfuna, gasa burodi, ɗinkin barguna, dukanci. Uba na kusa, yara na koyo a gefensa. Binciken masanin zamantakewa Donald Kraybill ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na irin waɗannan sana'o'i ke durƙushewa a shekaru biyar na farko, alhali a sauran Amurka kusan rabi ne ke rufewa. Ƙarancin kashe kuɗi, hannun iyali, da aikin gayya idan gobara ta ci wani, duk suna cikin dalilan. Ba ko'ina abin ya tafi haka ba. A arewacin Indiana maza da yawa suna aiki a masana'antun motocin shaƙatawa, kuma karyewar tattalin arziki ta 2008 ta buge su kamar kowa.

Inda suka sha karo da doka

Rikicin fitila ba shi ne na farko ba. A 1961 jami'an haraji sun ƙwace dawakai uku na wani manomi, Valentine Byler, yana tsakiyar huɗa a yammacin Pennsylvania, aka yi gwanjonsu saboda ya ƙi biyan kuɗin tsarin fanshon gwamnati. Hujjar Amish ita ce kula da tsoho da marar lafiya aikin coci ne. Surutun da ya biyo baya ya kai ga majalisa ta keɓe su a 1965, aka faɗaɗa keɓewar a 1988 ga Amish da ke aiki a ƙarƙashin Amish. Sauran haraji, na kuɗin shiga da na fili da na saye, suna biya.

A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar jihar Wisconsin da wani ɗan Amish mai suna Yoder cewa ba za a tilasta musu kai yara makaranta bayan aji takwas ba. Mai shari'a William Douglas ya yi saɓani a wani ɓangare, yana cewa ya kamata a ji ta bakin yaran kansu, kuma wasu da suka bar al'ummar suna maimaita wannan ƙorafi har yau, domin sun fito duniya da ƙaramin karatu. Wannan hukunci ya haifar da wata matsala: yaro ya gama makaranta yana ɗan shekara 14, dokar ƙwadago kuma ta hana shi shiga shagon katako. An ci wasu masu injin tsaga katako tara, har a 2004 aka gyara dokar, aka yarda matasa 'yan 14 zuwa 17 su yi aiki a irin waɗannan wurare a ƙarƙashin kulawar babba nasu, da sharaɗin ba za su sarrafa injin ba. Masu kare haƙƙin yara sun ce ƙura da ƙara da haɗari ba sa tambayar wa ke riƙe da injin.

Hujjojin ɓangarorin kan fitila

Masu goyon bayan dokar Ohio suna kawo lissafi mai sauƙi. Keken doki na tafiyar kilomita 8 zuwa 13 a awa, mota a hanyar karkara na gudun kusan 90. Direban da ya hango keke daga nisan mita 150 yana da kamar sakan bakwai kafin ya cim masa, baƙin keke ne kuma, wataƙila a kan tudu ko cikin hazo. An yi ɗaruruwan irin waɗannan haɗura a jihar cikin shekaru goma, kuma na cikin keken ne ke mutuwa, har da ƙananan yara da ba su zaɓi komai ba. Suna ƙarawa da cewa Amish da dama sun goyi bayan dokar.

Swartzentruber suna cewa abu mai walƙiya da launi mai ɗaukar ido jan hankali ne zuwa ga kai, kuma dogara da shi rage dogara ga Allah ne. Suna cewa abin da suka tarar iyayensu na yi shi suka yi alkawarin riƙewa a gaban coci, biyan tarar ma amsa laifi ne. Lauyoyinsu na nuna cewa akwai wasu hanyoyi, kamar tef mai launin toka da ke mayar da hasken mota, da fitilar ƙwai, kuma yawancin haɗuran daga gudu ko shagalar direba suke tasowa.

Kotuna ba su yi magana da murya ɗaya ba kan makamancin wannan. Kotunan ƙoli na jihohin Minnesota a 1990 da Wisconsin a 1996 sun ba Amish gaskiya kan ƙin liƙa wa bayan keke alamar abin hawa mai tafiyar hawainiya, mai kusurwa uku da launin lemo. A Kentucky an ɗaure wasu a 2011, kotun ƙolin jihar ta goyi bayan gwamnati a 2012, amma kafin nan majalisa ta riga ta sauya doka ta yarda da tef. A Ohio kuwa, tun hukuncin kotun ƙolin jihar na 2000, gwamnatin da ta taɓa 'yancin addini sai ta nuna buƙata mai ƙarfi, ta kuma nuna babu wata hanya mafi sauƙi. Buƙatar tsare rai ba wanda ke musunta. Gardamar tana kan sharaɗi na biyu.

Wa abin zai taɓa

Iyalan da aka jingina wa bashi ba za su ji zafin yau ba. Ranar da za su sayar da fili, ko su miƙa wa ɗa, ko su nemi rance da shi, sai an warware bashin da suka ce imaninsu ya hana su biya, kuma duk sabon kamu na ƙara nauyi. Tarihin ƙungiyar ya nuna idan wuri ya yi musu zafi sukan tattara su koma wata jiha. Idan haka ta faru, gari zai rasa masu tsaga katako, masu saƙa kwando da masu kawo kayan lambu kasuwa, direbobi kuma a jihar da suka koma su gaji matsalar.

Mai saye yana da tasa damuwar. Babu hukumar da ke tantance kalmar Amish a jikin kaya, su kansu ba su da ofishin da zai kai ƙara, kuma ba sa son hoto balle talla. 'Yan tsakiya ne ke sayar musu a intanet. Wajen 2008 jaridun Amurka sun cika da tallan wani abin ɗumama ɗaki mai hoton masu gemu da malafa, alhali na'urar lantarki ce da aka ƙera a China, katakon da ya kewaye ta kaɗai ne aikinsu. Rubutu irin salon Amish, ko daga yankin Amish, bai ce ɗan Amish ya taɓa kayan ba. Wanda aka tallata wa bel na ɗanyar fata mai laushi kuwa, jemammiya aka ba shi ko wata fatar da aka sarrafa da mai, domin ɗanyar fata ta gaske ba ta lanƙwasuwa a ƙugu sai ta jiƙe.